BABI NA UKU: RAGOWAR GUBAR NUKILIYA A WURAREN DA KAMFANONI SUKA TASHI, MISALIN ARLIT DA AKOKAN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar makamashin nukiliya da yadda aka fara sarrafa shi domin yaƙi da kuma samar da wutar lantarki. A wannan babi kuwa za a dubi abin da yake saura a ƙasa bayan kamfanin da ya yi wa wata gwamnati aikin haƙo ko tace sinadarin yuraniyom ya kwashe kayansa ya tafi. An zaɓi garuruwan Arlit da Akokan na jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar su zama abin misali, domin su ne wuri mafi kusa da ƙasar Kano da wannan matsala ta bayyana a fili, sa'annan Hausawa suna daga cikin mazauna garuruwan, kuma da Hausa ake yawancin ciniki a kasuwanninsu. Daga ƙarshe za a kawo dangantakar al'amarin da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, waɗanda su ne farfajiyar wannan nazari.

3.1 Yadda Ragowar Gubar Take Samuwa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin tace yuraniyom ita ce a kwatanta shi da surfe. Idan mace ta surfa gero, takan sami tsaba, wadda ita ce abin bukata, ta kuma sami dusa. To haka abin yake a ma'adina, sai dai a nan tsabar 'yar kaɗan ce ainun. A cikin kowane tan ɗaya na dutsen da ake haƙowa a yankin Arlit, yuraniyom ɗin da ake samu bai kai kilo 5 ba. Sai an niƙe dutsen ya koma gari, an jiƙa shi da ruwan asid mai yawa, sa'annan a tsamo sinadarin, a busar da shi ya zama wani gari mai launin rawaya wanda ake ɗurawa a durom-durom a fitar da shi waje. Duk abin da ya rage, watau fiye da kilo 995 a kowane tan, shi ne za a riƙa kira dusar ma'adini a wannan babi.

Bambancin dusar gero da ta ma'adini shi ne, ita ta ma'adini ta fi tsabar riƙe guba. Dalili kuwa, yuraniyom ba ya zama shi kaɗai a cikin dutse. A hankali yake narkewa yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai, kamar toriyom da radiyom, su ma suna fitar da tururin nukiliya. Injin tacewa yuraniyom kawai yake ɗauka, ya bar sauran. Saboda haka masana suka ƙiyasta cewa wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na tururin da ke cikin dutsen tun asali yana nan a cikin dusar. Daɗin daɗawa, da can dutsen yana binne ne a ƙarƙashin ƙasa, dunƙule wuri guda, yanzu kuwa ga shi a sarari, gari lilis, iska tana kaɗa shi.

Kowane irin sinadari daga cikin waɗannan yana da wa'adin da rabin ƙarfinsa yake ɗauka kafin ya ƙare. Na radiyom shekara 1,600 ne. Alal misali, da a ce an zuba radiyom a gindin Dala a zamanin Bagauda, wanda aka ce ya hau sarautar Kano a shekarar 999, da har yau fiye da rabinsa yana nan da ƙarfinsa. Na toriyom ɗin da ke haifar da radiyom kuwa ya kai wajen shekara 75,000. Shi kuma radiyom yana fitar da wata iska da ake kira radon, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Wa'adinta gajere ne, bai cika kwana 4 ba, amma kullum sabuwa tana fitowa daga tulin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shaƙar wannan iska cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan shan taba.

Wannan shi ne tushen matsalar baki ɗayanta: kamfani yakan yi shekara 40 ko 50 yana aiki, abin da ya bari kuwa sai an ƙirga shi da dubban shekaru.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Ma'adinan

A shekarar 1957, tun Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa, masu binciken ma'adinai na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, alhali tagulla suka fita nema. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wadda ake kira CEA a taƙaice, ita ta ci gaba da binciken. Ya kamata a lura cewa wannan hukuma ita ce ta ƙera bam ɗin nukiliya na farko na Faransa, wanda aka gwada a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Daga wannan shekara zuwa 1966 Faransa ta yi gwaji 17 a Sahara, 4 a sararin sama, 13 a cikin duwatsun In Ekker. Tsoron abin da iskar hunturu za ta kwaso daga can ya sa gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961, bayan gwaji na uku. Ke nan batun ƙurar nukiliya tsoho ne a siyasar Nijeriya, kusan sa'an 'yancin kanta.

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971 daga wani makeken rami buɗaɗɗe. Dominsa aka gina garin Arlit a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 250 arewa da Agadas. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978. Shi a ƙarƙashin ƙasa ya riƙa haƙa, zurfin wajen mita 250, kuma ma'aikatansa a Akokan suka zauna, 'yan kilomitoci daga Arlit. Babban mai hannun jari na Faransa ya sha sauya suna: COGEMA daga 1976, Areva daga 2001, Orano daga 2018. Garin rawayan kuwa, kafin juyin mulkin 2023, manyan motoci ne suka riƙa ɗaukar sa ta Tawa da Dosso da Gaya har tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan sai Faransa.

Albashin ma'adina ya jawo mutane daga ko'ina, Buzaye da Hausawa da Zabarmawa da Barebari, har garuruwan biyu suka tara mutane fiye da 100,000 a wurin da a da sai makiyaya kawai ke ratsawa.

3.3 Hanyoyin da Gubar Take Bi Ta Isa ga Jama'a

Wanda ya fara ɗaga murya a kan wannan al'amari ɗan gari ne, kuma ma'aikacin SOMAIR, watau Almustafa Alhasan, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar Aghir In'man a farkon shekarun 2000, bayan ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu gamsasshen bayani ba. Shi ya gayyato wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, tare da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, suka zo a watan Disamban 2003. An riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin saman Yamai, suka ƙarasa Arlit da 'yan ƙanana. Sai kuma ƙungiyar Greenpeace ta zo a watan Nuwamban 2009, ta fitar da rahotonta a 2010. Abin da waɗannan bincike suka gano ya kasu zuwa hanyoyi uku, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce ruwa. Arlit ba ta da kogi, da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta dogara, wanda ya taru tun dubban shekaru kuma ruwan saman yanzu ba ya mayar da gurbinsa. Greenpeace ta ƙiyasta cewa kamfanonin biyu sun zuƙe lita biliyan 270 cikin shekara 40. Daga cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba a yankin, 4 suna ɗauke da yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ta biyu ita ce ƙura da duwatsun da aka haƙo aka ga ba su da isasshen sinadari aka yar. An yi amfani da irin waɗannan duwatsu wajen cike hanyoyi. A 2007 an auna wani wuri a kan titi gaban asibitin COMINAK a Akokan, aka tarar tururinsa ya ninka na sauran ƙasa kusan sau 100. A 2009 Greenpeace ta sami wani wurin a titin Akokan da ya ninka kusan sau 500. Daga baya kamfanin ya kwashe ƙasar waɗannan wurare. Abin lura a nan shi ne, yara sun yi shekaru suna wasa a kai, mata suna kasa kaya, babu wanda ya ga wani abu, domin babu abin gani.

Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da manufar wannan nazari, ita ce tsofaffin ƙarafa. Ma'adina tana cin ƙarfe sosai: bututu, tankuna, famfuna, sassan injina, da manyan ƙyallayen tace ruwa. Bututun da ruwan asid mai ɗauke da garin dutse ya yi shekaru yana bi ta cikinsa yakan yi wani kauri daga ciki, kamar yadda tukunyar dafa ruwa take yin ƙanzo, kuma a cikin wannan ƙanzo radiyom yake taruwa. Idan bututun ya tsufa sai a cire a yar, ko a ba ma'aikaci kyauta, ko ya fita ta wata hanyar. A garin da itace yake da tsada, kwanon rufi kuma sai an kawo shi daga nisan ɗaruruwan kilomita, ƙarfen banza dukiya ne. Nan da nan ya isa kasuwa, maƙera su yanka shi, ya zama ƙyaure, ko azara, ko murhu, ko kayan girki. Masu binciken 2003 sun sami irin wannan ƙarfe a kasuwar Arlit, kuma bayan shekara 6 Greenpeace ta sake samun wani a kasuwa wanda tururinsa ya ninka na al'ada har sau 50, duk da cewa kamfanonin sun ce sun tsaurara bincike a ƙofofinsu. Wankewa da omo ba ta kashe wannan guba, wutar maƙera ma haka, domin abin yana cikin asalin ƙwayar sinadarin ne. Maƙerin da ya kankare ƙanzon ma shi ya fi kowa shaƙar ƙurarsa.

Adalci ne a faɗi matsayin kamfanonin. Sun dage cewa yawan tururin da mazauna garin suke samu a shekara bai wuce abin da doka ta yarda ba, kuma a 2011 an kafa wata cibiyar sa ido a kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas. Masu suka kuma sun nuna cewa a lokacin manyan asibitocin garuruwan biyu na kamfanonin ne, likitocin su suke biya. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗakin shi ne kuma wanda ake tuhuma da huda rufin, don haka shaidarsa ita kaɗai ba za ta wadatar da mai nazari ba.

3.4 Bayan Rufe Ma'adina, Alhakin Wa Ne?

Ranar 31 ga Maris, 2021, aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da tan 75,000 na yuraniyom cikin shekara 43. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Abin da ya bari shi ne tulin dusa na kimanin tan miliyan 20, shimfiɗe a fili mai faɗin kadada 120. Shirin da kamfanin ya gabatar shi ne a lulluɓe tulin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, a kuma sa ido a kansa na wasu shekaru. Rufin zai rage fitar radon, zai kuma hana iska kwasar ƙura, amma idan aka ɗora shekarun sa idon a kan wa'adin da aka ambata a 3.1, za a ga tazarar ba ƙarama ba ce. Sa'annan siyasa ta shigo: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Faris, har gwamnatin Nijar ta ƙwace SOMAIR a watan Yunin 2025. Duk wanda ya gaji ma'adina ya gaji tulin da ke bayanta.

Wata shari'a da aka yi a Faransa ta nuna yadda alhaki yake sulluɓewa. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da sankarar huhu a 2009. A 2012 wata kotu ta ɗora wa Areva laifi, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK ne ya ɗauke shi aiki, kamfanin da ke da rajista a Nijar, ba Areva ba. Idan iyalin Bature, a ƙasarsu, da lauyoyinsu, suka tashi a haka, ba sai an tambayi makomar leburan ɗan kwangila da ya koma ƙauyensu a Maraɗi ko Damagaram yana tari ba.

Wannan hali ba a Afirka kaɗai aka gan shi ba. A birnin Sant Luwis na Amurka, kamfanin Mallinckrodt ya yi wa gwamnati kwangilar tace yuraniyom tun daga 1942 domin bam ɗin farko, kuma da yawan dutsen daga ma'adinar Shinkolobwe ta Kwango aka kawo shi. An jibge dusar a fili kusa da filin jirgin sama, ruwan sama yana wanke ta zuwa wani rafi mai suna Coldwater da ya ratsa unguwannin jama'a, sa'annan a 1973 aka kwashe wani kaso aka zuba a juji. A 1974 gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri na musamman domin tsabtace wuraren da 'yan kwangilarta suka gurɓata, aka miƙa shi ga injiniyoyin soja a 1997, kuma fiye da shekara 80 da fara aikin tacewar ba a gama kwashe gurɓatacciyar ƙasar bakin rafin ba. A garin Grand Junction na jihar Kolorado kuwa, magina sun riƙa ɗibar dusar kyauta kamar yashi, har sai da aka bi dubban gine-gine ana tone ta daga ƙarƙashin daɓe. Ƙasar da ta fi kowace kuɗi ke nan.

3.5 Dangantakar Al'amarin da Ƙaraye da Rogo

Ƙaraye da Rogo ƙasar noma ce, ta masara da dawa da rake da kayan lambu, babu ma'adinar yuraniyom a cikinta, kuma tsakaninta da Arlit tafiya ce ta fiye da kilomita 900. Ruwan madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ba shi da wata mahaɗa da ruwan ƙarƙashin ƙasar Agadas. Saboda haka hanyoyi biyu na farko ba su ne abin dubawa a nan ba. Ta uku ce, domin ƙarfe yana da ƙafa.

Hanyar Agadas zuwa Damagaram zuwa Kano tsohuwar hanyar fatake ce, unguwar Agadasawa a cikin birni ma shaida ce. A yau kuma sana'ar gwangwan tana cikin manyan sana'o'in da samarin karkarar Kano suke fita ci-rani dominsu idan an gama kaka. Kayan gwangwan yakan sauya hannu sau da yawa, daga yaro mai buhu zuwa mai sikeli, daga mai sikeli zuwa dila, daga dila zuwa babbar mota ko zuwa maƙera, kuma a kowane mataki tambaya biyu ce kawai: wane irin ƙarfe ne, kilo nawa ne? Ba a kawo wannan domin a ce ƙarfen Arlit ya iso kasuwar Ƙaraye ba. Abin nufi shi ne kayan aikin ɗan gwangwan, watau sikeli da maganaɗisu, ba za su iya bambance gurɓataccen ƙarfe da mai lafiya ba, ko daga ina ya fito. Kusa da gida ma akwai tulin ƙasar da kamfanonin kuza suka bari a Jos da Bukuru, inda mutanen ƙasar Kano da yawa suka yi lebura tun zamanin Turawa, wadda ita ma tana ɗauke da yashi mai toriyom a cikinsa.

A wajen doka, Nijeriya ba ta rasa tanadi ba. Doka mai lamba 19 ta 1995 ta kafa hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001, kuma ita ke ba da izinin shigo da duk wani abu mai fitar da tururi, da amfani da shi, da zubar da shi. A Zariya, wadda ba ta da nisa da Rogo, akwai Cibiyar Bincike da Horarwa a kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, da masana da na'urorin awo. Gibin da ke akwai shi ne tsakanin waɗannan hukumomi da filin gwangwan, inda ba lasisi ake nema ba, kuma mai kayan bai taɓa jin sunansu ba.

Irin abin da wannan giɓi yake haifarwa ya faru a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil a watan Satumban 1987. Wasu masu tsintar ƙarfe su biyu suka shiga wani tsohon asibitin gashin sankara da aka tashi aka bari, suka ciro kan wata na'ura, suka fasa, suka sayar wa mai filin gwangwan. A ciki akwai wani gari mai shuɗin haske da dare, sinadarin siziyom, wanda bai kai cikin tafin hannu ba. Mai filin ya kai shi gida yana nuna wa 'yan uwa da abokai, wasu har suna shafawa a jiki. Da amai da gudawa da ƙunar fata suka fara, sai aka ɗauka wata cuta ce ta yau da kullum. Kusan mako biyu aka yi a haka, kafin matar mai filin ta lura cewa tun da abin ya shigo gidan kowa yake ciwo, ta sa shi a jaka, ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya. An auna mutane kimanin 112,000, an sami 249 da gubar a jikinsu, an rushe gidaje da dama an kwashe ƙasarsu. Mutum 4 suka mutu, cikinsu har da ita matar da wata yarinya 'yar shekara 6.